Wane Irin Ruwa? Tambayar Baffa Da Amsar Na'urar Rada

A farkon wata damina ta kwanan baya na je gida, wani ƙauye da ke yamma da Dambatta, domin in gaida iyaye in kuma duba 'yar gonar da na gada. Kwana biyu kafin zuwana an yi ruwa sau ɗaya, irin wanda yake kwantar da ƙura ya tayar da ƙamshin ƙasa, saboda haka kowane magidanci ya fito da sunguminsa ya jingine a zaure yana jiran na biyu. Bayan sallar La'asar muna zaune a gindin darbejiya, sai na ciro wayata na buɗe taswirar yanayi, na ga wani ƙaton tabo ja da rawaya ya taso daga gabas ya nufo mu. Cikin zaƙewa irin ta ɗan boko na ce wa ƙanen mahaifina, "Baffa, ku fito da iri, yau da dare akwai ruwa." Dattijon ko kallon wayar bai yi ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "To Malam, wane irin ruwa? Na shuka ne, ko na wanke ganye?"

Ban iya ba shi amsa ba. Shi bai motsa ba, amma ɗansa, wanda yake ganin duk abin da ya fito daga bakin malamin jami'a yankan wuƙa ne, ya ɗauki tiya biyu ta irin geron da ya saya da kuɗinsa ya nufi gona, bai dawo ba sai da duhu ya hana shi ganin rami. Da dare hadari ya iso da iska da ƙura da tsawa, ya yaye rufin rumfuna, ya zubar da 'yan manyan ɗigo na ɗan lokaci, ya wuce abinsa. Washegari muka ji cewa can wajen Kunci an kwana ana tafka ruwa. Mu kuwa sai da muka yi kwana goma sha ɗaya ko ɗigo ba mu gani ba. Geron ya tsiro ya ƙone. Kuɗin iri na biya, amma kwanakin da suka salwanta daga gajeriyar damina babu kasuwar da ake sayar da su.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san abin da nake nufi. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, tun cikin shekarun 1960 ya bayyana karkarar da ta kewaye Kano a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa suna noma a Afirka ta Yamma. Gona tana jingine da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara a kan ƙasa ɗaya ake zuba taki a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan wuri kuskuren shuka ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin rumbun da zai kai wata damina da wanda zai ƙare tun bazara.

Fannina nazarin harshe ne, kuma kunyar da na sha ta sa na koma na yi wa tambayar Baffa karatun ta-natsu. Abu na farko da na gano shi ne, jan tabon da na gani ba ruwa ba ne. Hoto ne da aka haɗa daga lissafin kwamfuta da kuma taurarin ɗan'adam irin su Meteosat, waɗanda suke can sama kimanin kilomita 36,000 suna auna sanyin ƙololuwar gajimare. Wato rufin hadari suke gani, ba cikinsa ba. Na'urar da take leƙa cikin hadari ta ga ɗigon ruwan da kansa ita ce rada. Abu na biyu, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa ita ma radar ba kowane ruwa take gani ba. Irin ruwan da za ta gani ya dogara ne da abin da ake kira tsawon zango.

Mai karatu ya daɗe da sanin wannan kalma ko da bai lura ba. Wanda ya tashi yana sauraron sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ko na Muryar Amurka ko na Jamus, ya saba jin ana cewa a kama su a kan mita 19 ko 25 ko 31 a gajeren zango. Waɗannan mitoci awo ne na gaske. Idan ka jefa dutse a kududdufi za ka ga taguwar ruwa tana bazuwa tudu bayan tudu. Nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da mai bi masa shi ne zango. Igiyar rediyo ma haka take tafiya, sai dai ido ba ya ganinta. Ta tashar FM zangonta kimanin mita uku ne. Ta rada kuwa da santimita ake auna ta, wata ma da milimita.

Aikin rada bai wuce na yaron da ya tsaya a bakin rijiya ya ƙwala ihu ya saurari amsa-kuwwa ba. Tana harba igiya cikin sararin sama, igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, idan ta ci karo da ɗigon ruwa sai wani ɗan kaso nata ya dawo. Daga jinkirin dawowar ake sanin nisa, daga ƙarfinta ake ƙiyasta yawan ruwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, sojojin da ke farautar jiragen abokan gaba da wannan na'ura kukansu shi ne ruwan sama yana ɓata musu allo. Bayan yaƙi masana suka ga cewa abin da soja ya ɗauka datti, shi ne abincinsu. A 1948 Marshall da Palmer na Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka fitar da lissafin yadda girman ɗigon ruwa yake rarrabuwa, wanda ya zama ginshiƙin juya ƙarfin amsa-kuwwa zuwa milimitar ruwan sama.

Dokoki biyu ne suke mulkin wannan amsa-kuwwa, kuma asalinsu yana komawa ga bayanin da Baturen Ingila Lord Rayleigh ya yi a 1871 kan dalilin da ya sa sama take shuɗiya. Ta farko ta shafi girman ɗigo. Idan faɗin ɗigo ya ninka sau biyu, amsarsa ba sau biyu take ninkawa ba, sau 64 ne, wato biyu a ninka ta a kanta har sau shida. Masana suna kiran ruwa yayyafi idan ɗigonsa bai kai rabin milimita ba, manyan ɗigon hadari kuwa suna kai milimita biyar. Bisa wannan doka, babban ɗigo ɗaya tak yana mayar da amsa daidai da ɗigon yayyafi miliyan ɗaya, alhali ruwan da ke cikin waɗancan miliyan ɗin ya ninka nasa sau dubu. A nan ne na fara fahimtar Baffa. 'Yan manyan ɗigon da suka faɗo mana a daren nan sun iya surutu a kunnen na'ura, amma ba su iya jiƙa ƙasa ba.

Doka ta biyu ta shafi zangon kansa. Idan aka rage tsawon zango da rabi, amsar da ƙaramin ɗigo yake mayarwa tana ƙaruwa sau 16. Ke nan gwargwadon gajartar zango, gwargwadon kaifin ido. Saboda haka aka kasa radar yanayi rukuni-rukuni, aka laƙaba musu haruffa. Rukunin S zangonsa kimanin santimita 10 ne, rukunin C kimanin 5, rukunin X kimanin 3. Ƙasa da su akwai Ka mai kimanin milimita 8, da W mai kimanin milimita 3. Mai santimita 3 tana samun amsa daga ɗigo ɗaya kusan sau ɗari fiye da mai santimita 10. Mai milimita 3 kuwa har ƙwayoyin gajimaren da bai fara zubar da komai ba tana gani. Abin ya yi kama da koma: mai ƙananan idanu ko 'ya'yan kifi ba sa tsere mata, mai manyan idanu kuwa sai manya take tsayarwa.

Da a nan zance ya tsaya, da sai mu ce a sayo mafi gajeren zango a huta. To amma kowane allazi da nasa amanu. Igiyar da kowane ɗan ɗigo yake iya tarewa, ita ce kuma wadda ruwa mai yawa yake cinyewa kafin ta yi nisa. Duk mai farantin satalayit a gidansa shaida ne: da zarar ruwa ya kece, sai hoto ya daskare ya ɗauke, domin igiyar da ke kawo shi zangonta bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, alhali rediyon da ke gefe yana ta magana abinsa. Mu ma a ilimin furuci mun san irin wannan. Idan ana biki a ƙauyen da ke nesa, dukan ganga ne yake iso maka, muryar zabiya ta maƙale a hanya. Kuma idan mutum yana magana a bayan katanga, sautuka masu kaifi irin su "s" su ne suke fara ɓacewa. Dogon zango yana ratsawa, gajere yana shaƙewa. Hasali ma idan ɗigo ko ƙanƙara suka yi girman da ya kusanci tsawon zangon, dokar Rayleigh takan daina aiki, lissafin mai gajeren zango ya rikice tun kafin na doguwar.

Akwai kuma batun kuɗi. Domin a matse igiya ta zama siririya har ta iya bambanta hadarin da ke kan Ɓagwai da wanda ke kan Bichi, dole faranti ya yi girma daidai da tsawon zango. Radar rukunin S da Amurka ta shimfiɗa a faɗin ƙasarta, guda 150 da 'yan kai, kowace farantinta ya kai mita takwas da rabi. Rukunin C, wanda yawancin ƙasashen Turai suka zaɓa, rabin wannan ya ishe shi. Ta rukunin X kuwa ana iya ɗora ta a bayan mota. Amurka ta zaɓi doguwa ne saboda tana fama da manyan hadura da ƙanƙara; Turai ta tsaya a tsakiya saboda ruwanta ya fi sauƙi. Kowa ya auna ruwansa ne kafin ya ɗinka rigarsa.

To mu wane irin ruwa ne namu? Amsar ba ta yi mana nisa ba. A 2006 masana daga Afirka da Turai da Amurka suka gudanar da wani gagarumin bincike kan daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA. Sun kafa radar rukunin C ta jami'ar MIT a Yamai, da wata mai milimita 3 ta kallon gajimare a can ɗin dai, da ta rukunin X a arewacin Benin, da ta rukunin S a Senegal. Abin da irin waɗannan bincike suka tabbatar shi ne abin da manomi ya daɗe da sani: mafi yawan ruwan da ƙasashenmu suke samu daga 'yan manyan hadura ne masu tasowa daga gabas, suna tafe a jere kamar sahun mayaƙa, da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a. Gabansu iska ce da ƙura, sai bangon ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, a bayansa kuma sai mamako mai sauƙi wanda yakan ɗauki sa'o'i. Na gaban shi ne mai cika kwari da rusa katanga. Na bayan shi ne wanda ƙasa take sha a tsanake.

Abin lura a nan shi ne, idan ka girke radar gajeren zango ita kaɗai a Kano, hadari ya taso daga wajen Haɗeja, za ta ga goshinsa sarai, amma bangon ruwan zai iya makantar da ita daga abin da ke bayansa. Za ta ce maka ga hadari nan, ta kasa gaya maka ko yana jan mamako ko fanko ne. Ita kuwa doguwar za ta ratsa bangon ta ga bayansa tun yana nisan kilomita 200, wato gargaɗin sa'o'i uku zuwa huɗu, sai dai tsattsafi da siririn gajimare za su iya wuce ta ba ta sani ba. Hazon hunturu kuwa radar ruwan sama ba ta ganinsa, domin ƙwayar ƙurarsa ta yi ƙanƙanta ƙwarai, amma garken tsuntsaye da na fara sukan bayyana a allonta.

Ko an dace da zango, akwai sauran rina a kaba. Duniya a dunƙule take, igiya kuma miƙewa take yi, don haka duk nisan da ta yi tana ƙara barin ƙasa. A nisan kilomita 100 ta kai kimanin kilomita ɗaya da rabi a sama, a nisan 200 ta kai huɗu. A farkon damina, lokacin da iskar ƙasa take da zafi da bushewa, ruwa yakan baro gajimare ya ƙafe a hanya bai taɓa ƙasa ba. Shi ne wannan baƙin gezar da muke hangowa tana reto a ƙarƙashin hadari. Rada za ta rantse ta ga ruwa, kuma ba ta yi ƙarya ba, manomi zai rantse bai ga ɗigo ba, shi ma bai yi ƙarya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Masana ba su zauna ba. Da suka ga kowane zango yana da makantarsa, sai suka koma haɗa biyu. Tauraron GPM da Amurka da Japan suka harba a watan Fabrairun 2014, magajin TRMM na 1997, yana ɗauke da rada biyu, ɗaya mai kimanin santimita 2, ɗaya mai milimita 8, kuma daga saɓanin amsarsu ake gane girman ɗigo, sai dai ba kullum yake bi ta kanmu ba. Haka kuma an lura cewa babban ɗigo ba ya faɗowa a mulmule, iska tana baje shi ya koma kamar waina. Sababbin na'urori suna harba igiya a kwance da kuma a tsaye, su gwada faɗin ɗigo da tsayinsa, ta haka su bambanta ruwa da ƙanƙara da ƙwari, su kuma gyara wani kaso na abin da ruwa ya cinye wa rukunin C da X. Har ita kanta shaƙewar an mayar da ita riba: a 2014 masu bincike a Burkina Faso sun nuna cewa raunin da ruwa yake yi wa igiyar da ke tsakanin ƙarafan sabis na wayar salula yana iya zama ma'aunin ruwan sama. Ƙarafan nan kuwa sun bazu a birane da karkara.

Yanzu bari in dawo gonata ta harshe. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan karatu shi ne, rabe-raben da injiniya yake kashe miliyoyi domin ya gani, Bahaushe ya riga ya raɗa musu suna. Yana da tsattsafi, yana da yayyafi, yana da mamako, yana da marka, yana da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana da ƙanƙara. Ya bambanta gajimare da hadari, ya bambanta hadarin da ya haɗo da wanda ya baje, ya san ruwan da ya tsagaita da wanda ya ɗauke. Kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da labarin girman ɗigo, da tsawon lokaci, da abin da za a yi a gona. Amma mu 'yan boko idan muka zo fassara hasashen yanayi, sai mu tattara wannan dukiya duka mu cusa ta cikin jimla ɗaya: "Za a yi ruwa." Wannan ita ce jimlar da na faɗa a gindin darbejiya, kuma ita ce ta ƙone geron ƙanena.

Shi kansa "ruwan shuka" yana da awo. A 1988 masanin yanayin noma M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya ba da ma'aunin faɗuwar damina a yankinmu: a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fari fiye da kwana bakwai cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko na wannan sharaɗi rada tana iya auna shi gona-gona. Rabi na biyu ba aikinta ba ne, domin ita sa'o'i take hange ba makonni ba. Wannan aikin hasashen damina ne irin wanda hukumar NiMet, da aka kafa a 2003, take fitarwa kowace shekara har da fassarar Hausa. Shi kuwa Baffa, tafin hannunsa yake nutsawa a ƙasa ya ga inda danshi ya tsaya.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina. A shekarun baya an tsara kafa radar yanayi a garuruwa shida na ƙasar nan, wato Abuja, Legas, Fatakwal, Yola, Maiduguri da Kano. Duk lokacin da irin wannan zance ya sake tasowa, a majalisa ne ko a jarida, kada mu tsaya ga tambayar nawa aka kashe. Mu tambayi zangonta nawa ne, kuma wane ruwa aka saye ta ta gani. Ga ƙasa mai hadura irin namu, uwar ɗakin ya kamata ta zama mai dogon zango, ko kuma ta rukunin C mai harbi a kwance da tsaye, sannan ƙananan rukunin X su cike gurbi a kusa da madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da wuraren da ambaliya ta saba ci. Na biyu, a kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun karkara, yara su riƙa karantawa kowace safiya, domin lissafin da aka gina a kan ruwan Kanada sai an daidaita shi da ruwan Makoɗa da Tsanyawa. Na uku, masana yanayi da masana harshe na jami'o'inmu da ma'aikatan gidajen rediyo su zauna tare da manoma su tsayar da kalmomi, ta yadda mai sauraro zai ji an ce, "Hadari mai iska zai iso Dambatta bayan Isha, ruwansa kaɗan ne, kada a yi shuka, a kwashe shanya," ko kuma, "Akwai mamako a bayansa, mai taki ya zuba."

Da na koma gida bayan kaka, na zauna na kwashe wannan bayani duka na gaya wa Baffa, tun daga mita 31 har zuwa waina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ashe dai ita ma na'urar taku sai an tambaye ta wane irin ruwa." Na ce haka ne, Baffa. Ya ce, "To idan kun koya mata Hausa, ka zo da ita." Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.